Maraƙin da Aka Yi wa Dabaibayi

A rugarmu ta wajen Karakkai, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, da an idar da sallar isha sai mu kewaye kakarmu Inna Dije a bakin wuta. Tsohuwa ce mai tsokana, ba ta fara tatsuniya sai ta ce wa ɗayanmu mai kan tulu. Amma akwai daren da ba ta tsokani kowa ba, kuma har yau yana damuna.

Ƙanena Ummaru yaro ne mai kan lissafi. A makarantar allo, kafin Malam ya gama faɗin tambaya ya ba da amsa, sai ya zauna yana mintsinin na kusa da shi don zaman banza. Malam ya ga abin ya fi ƙarfin bulala, ya zo ya roƙi Baffa, mahaifinmu, ya bar yaron ya riƙa zama da manyan ɗalibai bayan la'asar ana koya masa hisabi. Ummaru ya kwana yana murna.

To mu a gidanmu ba a ƙirga shanu da baki, an ce ƙirgawa na kore albarka. Ummaru kuwa, don ɗoki, da garke ya dawo ya dube shi sau ɗaya ya faɗi adadinsa da ƙarfi. A makon nan wata saniya ta faɗi ta mutu. Baffa ya rantse ba hisabi ba Ummaru.

Daren nan Inna ta ɗaga murya yadda Baffa zai ji daga bayan zana. "Ga wata nan tafe, ku buɗe kunne." Muka ce ta iso.

Wai wani makiyayi ne yake da maraƙi mai gudun tsiya, kullum yana gaban garke. Makiyayin ya gaji da binsa, ya yi masa dabaibayi don ya riƙa tafiya daidai da sauran. Shekara ta zagayo, gobara ta tashi a daji, ya yanke igiyar ya ce, ruga ka nuna mana hanyar ruwa.

"Kun san mi yaf faru?" in ji Inna. "Maraƙin nan yat tsaya shina kallon ƙafafunai. Ya mance da su."

Baffa ya yi gyaran murya, ya shige ɗakinsa. Bai kuma janye rantsuwarsa ba.

Da ina yaro na ɗauka labarin maraƙi ne kawai. Sai da muka manyanta na gane, kuma ban ga laifin Baffa sosai ba, tsoro ne irin na mai dukiyar da ke numfashi. Wata rana ni da Ummaru muna kasuwar Mada, furfura ta fara fito masa, na nuna masa wasu 'yan tumaki na ce cikin raha, "Mai hisabi, nawa ne?"

Ya daɗe yana dubansu. Ya ce, "Yaya, ban sani ba." Na duba fuskarsa ko wasa yake yi, na ga da gaske yake.