Ganyen Gwazar Da Ban Ce A Dafa Ba

Har gobe ban manta da wata Talata ba, a shekarata ta biyu da fara aiki, ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani ɗan asibiti a bakin tafki, gaba da garin Wara. Ni kaɗai ce a wurin: ni ce mai awo, ni ce mai ba da magani, ni ce mai shara. Shugabanmu sai wata-wata yake leƙowa. Wani yinin har rana ta faɗi ba wanda ya yi mini sallama.

Ranar sai ga Hajjo, Bafulatana mai cikin wata shida, daga wata ruga da ta sauka kusa. Na duba idonta, fari fat, jini ya yi ƙasa. Ga shi ƙwayoyin ƙarin jini sun ƙare mana. Na ce, "Ki nemi ganyen gwaza, yana taimakon jini, ga shi nan birjik a fadama." Ta zauna muka sha hira har la'asar. Wallahi, ji na yi kamar na samu 'yar'uwa.

Abin da ban faɗa ba shi ne a dafa shi ya nuna luguf. Mu da muka tashi da gwaza mun san ɗanyen ganyenta ƙaiƙayi ne zalla. Su kuwa ba cimarsu ba ce, kuma ganyen magani a wurinsu dakawa ake yi a jiƙa a sha.

Washegari uwar mijin Hajjo ta riƙo ta zuwa asibitin, ta sha shi ɗanye, leɓe a kumbure, miyau na zuba, tana sosa wuya. Innalillahi! Na wanke mata baki, na ba ta madara da ƙwayar ƙaiƙayi, na zauna ina sauraren numfashinta da motsin ɗan cikin. Sai azahar ta iya haɗiye ruwa da kyau.

Na ce, "Inna, laifina ne, ban yi bayani ba."

Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, ke kika yi karatu. Mu abin da kika ce muka yi."

Ranar Juma'a na dafa miyar ganyen gwaza na ɗauka zuwa rugar, don in nuna musu yadda ake yi. Na tarar sun tashi, sai toka da kashin shanu. Na dawo na ci miyata ni kaɗai, ina kuka.

Ku da kuka fara aiki yanzu, abin da kuke ganin kowa ya sani, shi za ku fara faɗa. Ni har yau ban san ko Hajjo ta sauka lafiya ba.