Ɗana Ne Ya Duba Ta

Ni bakanike ne tun ina ƙarami, a wani gareji da ke bakin tasha a Bagudo. Allah ya ba ni kunne. Mota na tahowa daga nesa zan ce maka abin da ke damunta kafin direba ya kashe inji. Saboda haka duk wanda zai sayi motar hannu a unguwarmu, sai ya aiko a kira ni. Ka san al'adarmu: mai saye ba ya yarda da dillali, sai ya zo da nasa mutum ya duba masa. Abin da ba wanda ke tambaya shi ne, shi mai dubawar wa ke duba shi.

Da abu kaɗan na fara. In wanke tsohon fulogi da fetur, in ce sabo na sa. Daga nan na koyi mayar da mitar mota baya, tsohuwa ta koma yarinya. Sai na haɗu da wani dila da muke kira Ɗan Kwatano, mai shigo da motoci daga Benin ta hanyar daji, bayan garin Tsamiya, don kauce wa kwastan. Shi ya ce mini wata rana, “Kai da mutane sunka yarda da kai, mi kaka yi da talauci? Ka dai ce lahiya lau, sauran ka bar mini.” Na yi dariya a ranar. Ban yi wata guda ba na fara cewa lafiya lau.

Akwai wata ƙaramar mota da ya shigo da ita da damina. Ƙirar zamani ce, amma an yi ta da siffar motocin da, gajera, mai ƙofa biyu da fitilu zagayayyu kamar idon mage. Yara na ganinta suka sa mata kunkuru. Wajen tsallake wani rafi ta nutse har rufinta, ta kwana biyu a laka kafin a jawo ta da shanun noma. Jan da aka yi mata ya goge cikinta da duwatsu, bututun man birki ya lanƙwashe ya tsage. Ni da hannuna na naɗe tsagar da roba, na ɗaure da waya. Muka shanya kujeru har rani, aka yi mata fenti ruwan ƙwai, aka turara cikinta da turaren wuta don kashe warin laka.

Wadda ta ƙyalla ido a kanta ita ce Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, maƙwabciyarmu katanga ɗaya. Kullum tana zuwa aiki garin Lafagu a kan kabu-kabu, bayanta ya gaji. Ta ce motar ta tuna mata da wadda mahaifinta ya taɓa yi tana yarinya. Ta aiko aka kira ni, ta ce, “Ƙanena, ni ban san komi ba ga mota. Kai na idona. Ka duba mini tsakaninka da Allah, ko za ta iya kai ni aiki kullum.”

Ko da motar ba ta taɓa shan ruwa ba, amsar gaskiya ita ce a'a. Cikinta na kusa da ƙasa, hanyar kuwa ramuka ce da yashi. Kayan gyaranta babu su a Bagudo, sai an aika Kwatano. Duk na sani. Amma na buɗe murfin inji, na kara kunne, na buga tayoyi da ƙafa yadda masu kallo ke so su gani. Na ɗauki Malama Hadiza a ciki muka zaga kan kwalta, inda babu gangare, ina taka birki a hankali. Ta ce tana jin wani wari-wari. Na ce warin teku ne, duk motar da ta zo ta jirgin ruwa haka take. Aka yi ciniki, aka sa albarka, ta yi mini godiya har da aiko mini da tuwo.

Ban san abin da na ɗaura wa kaina ba sai da ƙanwata, wadda ke aure a Lafagu, ta haihu. Innata ta ce za ta riƙa zuwa tana kula da wankan jego, tana dawowa saboda awakinta. Malama Hadiza ta leƙo ta katanga ta ce, “Inna, wane kabu-kabu kuma? Ga mota. Mu tai tare mu dawo tare.” Ina tsakar gida ina alwala, duk ina jin su.

Na yi ta kawo dalilai. Na ce kujerar ta yi mata ƙasa, gwiwarta za ta yi ciwo. Na ce ni zan riƙa kai ta a babur. Inna ta dube ni ta ce, “Mi kaka tsoro? Ba kai kad duba ta ba?” Na ce ni ne. Ta ce, “To, shi ke nan.”

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Kowace safiya sai in je ƙofar gidan Malama Hadiza da sunan gaisuwa, in tsuguna kamar ina gyara takalmi, in leƙa ƙarƙashin motar. Kullum akwai ɗigon mai a ƙasa, kullum kuma ya fi na jiya faɗi. In share shi da ƙafa, in ce bari in duba mata ruwa, in faki idonta in ƙara man birki daga ƙaramar kwalbar da ke aljihuna. Ita kuwa sai sa mini albarka take yi, wai ba ta taɓa ganin maƙwabci irina ba. Na roƙi Ɗan Kwatano ya samo mini sabon bututu, ya ce to, daga baya ya daina ɗaukar wayata. In suka tafi, ba na iya cin abinci. Ina ƙarƙashin motar wani, kunnena na kan titi, sai na ji ƙarar kunkuru ta dawo da la'asar sannan numfashina ke daidaita.

Magana ɗaya ce za ta raba ni da wannan azaba: Malama, ajiye motar nan, na cuce ki. Sau da yawa ta zo har bakina. Sai in tuna da unguwa, da masallaci, da yadda Inna ke cewa mata a gidan suna, “Ai ɗana yad duba ta,” sai in haɗiye. Kunyar mutane na fi tsoro a kan ran mahaifiyata. Wannan ita ce gaskiyar, kuma har yau ba ta da daɗin faɗa.

Ranar da abin ya faru, aikin rigakafi ya sa suka fita da wuri. Na iso da kwalbata a aljihu, na tarar da wurin wayam, sai tabon mai shimfiɗe a ƙasa kamar faifai. Na hau babur na bi su ina kiran wayar Malama Hadiza, ba ta shiga. A wani gangare kafin Lafagu na hango mutane sun taru. Ashe Malama Hadiza ta taka birki don kauce wa amalanken shanu, ƙafarta ta tafi har ƙasa, motar ta bi ta gefen kwalbati ta kife.

Ba wanda ya mutu. Malama Hadiza ta karye a hannun dama, hannun da take yi wa mutane allura, bai kuma koma daidai ba. Inna ƙugunta ne ya karye. Da aka juyo motar, kafet ya ɗage, busasshiyar laka ta zubo, ga robar da na naɗa da wayar da na ɗaure ta da ita a jikin bututu kowa na gani. Ba sai an tambaye ni da yawa ba. Ɗan Kwatano ya tsallaka iyaka, ni aka kai kotu, aka ɗaure ni a kan zamba cikin aminci.

A gidan yari ba yunwa ko sauro ne suka fi damuna ba. Tunanin wa ke ɗaga Inna ya kai ta bayan gida ne. Na roƙi Allah gafara iyakar iyawata. Da na fito na je wurin Malama Hadiza na durƙusa. Ta ce ta yafe don Allah, amma kada in ƙara kiranta yaya. Inna kuwa na same ta a kan tabarma, inda take har yanzu. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, “Da ka hwaɗa mini, da ni zan je in ba Hadiza haƙuri.”

Ku samari, musamman masu koyon sana'a, ku ji ni. In za ku sayi motar hannu, kada fenti ko ƙamshi ya ruɗe ku. Ku ɗaga kafet, ku jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ku ga ko da tabon laka, ku kwanta a ƙasa ku leƙa cikinta, ku gwada birki a gangare, ku tambayi inda ake samun kayanta. In kuwa ku aka kira ku duba wa wani, to ku faɗi abin da kuka gani tun a ranar farko, domin kowace safiya da ta wuce faɗar na ƙara nauyi. Ku duba ta kamar mahaifiyarku ce za ta zauna a gaba. Ni tawa ta zauna, kuma tun daga ranar ba ta sake miƙewa da ƙafarta ba.