Kang Fulin da Giyar Shekarar Zakara

A safiyar Litinin, ashirin da huɗu ga watan Maris, Suyun ta kira ni a waya ta ce mahaifinta ya rasu. Kang Fulin, manomin inabi na gindin Dutsen Helan, ya cika a gadonsa yana da shekara saba'in da bakwai, bayan jinyar ƙirji ta kwana tara. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado har shayina ya huce. Na girme ka da shekara takwas, Fulin, kuma ni ne mai sanda da tulin magunguna. Mun daɗe da shirya cewa kai ne za ka yi jawabi a kaina ranar jana'izata. Ka ɓata tsarin, kamar yadda ka saba.

Wannan rubutu ya ci mini kwana huɗu. Ba ni da wanda zan karanta wa shi a gidan nan, shi ya sa nake yi da kai.

Na fara ganinka shekara ashirin da takwas da suka wuce, lokacin ina koyarwa a makarantar aikin gona, kai kuma kana tuƙa motar tsakuwa. Ka shigo ofishina da buhu a kafaɗa, ka zazzage shi a kan teburina, ka ce, "Malam Dou, me ƙasar nan za ta iya haifa?" Na duba na ce, "Duwatsu." Ka yi dariya, ka kwashe kayanka, ka je ka dasa inabi a wurin. Filin kwari ya karɓa ba gardama. Amma zuciyarka tana can sama, a layuka goma sha biyu da ka dasa a kan tudu, inda shebur ke tartsatsi idan ya taɓa ƙasa.

Mutanen yankin nan sun san alherinka fiye da yadda zan iya rubutawa. Babu maƙwabcin da ya zo neman reshen dashe ka mayar da shi hannu wofi, har waɗanda suka yi maka dariya a farko. Duk ƙarshen kaka, idan lokacin binne kurangar inabi ya yi don kada hunturu ya kashe ta, kafin sanyi ya daskarar da ƙasa, kai ne na farko a layi da sheburinka. Kakan ce wa sababbin ma'aikata su kwantar da ita kamar yadda ake kwantar da tsohuwa mai ciwon baya, a hankali, ta ɓangaren da ta saba. Ma'aikatanka Musulmi suna da tukunyarsu dabam da wuƙarsu dabam, kuma ba ka taɓa duba agogo ba idan sun tafi salla. Shugabansu, mai suna Na Jinhu, bai taɓa kai giyarka bakinsa ba, amma ya yi maka aiki shekara ashirin da biyar. Ya gaya mini cewa ranar da matarsa ta faɗi a gona, kai ka ɗauke ta a motarka zuwa asibitin Yinchuan, ka bar inabi a kwando cikin rana.

Ni kuma, da matata Wanqiu ta rasu ta bar ni a ɗakuna biyun nan, ɗana yana can kudu, kai ne ka riƙa zuwa duk Laraba da kwanon taliya da naman rago daga hannun matarka Aizhen. Ba ka taɓa cewa ka zo duba ni ba. Kullum sai ka ce hanya ce ta biyo da kai, alhali gidana ba ya kan hanyar ko'ina. Shekara goma sha ɗaya ka yi kana wannan ƙaryar, ni kuma ina karɓa.

Amma akwai wata magana tsakaninmu da ban gyara ba kana da rai, kuma dominta na ɗauki alƙalami.

A Shekarar Zakara ta kalandarmu mai sunayen dabbobi, shekara ashirin ke nan, ka fara tatsar inabin tudu shi kaɗai, ba ka gauraya shi da na kwari ba. 'Ya'yan ƙanana ne, masu kaurin fata, ruwansu baƙi ƙirin. Da giyar ta shekara uku ka gayyato mutane, ka zaunar da ni a kujerar girma, domin a lokacin ana cewa babu harshe kamar nawa wajen ɗanɗanon giya a lardin nan. Suyun tana wurin, ɗalibata ce a shekarar ƙarshe, da littafinta a hannu. Na kurɓa, bauri ya kama mini dasashi kamar na tauna ɗanyen ɓawon itace. Sai na yanke hukunci a gaban kowa. Na ce giyar nan ba ta da makoma, baurinta ya fi ƙarfin ƙamshinta, ƙamshin zai mutu ya bar baurin shi kaɗai kamar kare a gidan da masu shi suka tashi. Na ji daɗin maganar a bakina, ina tuna wannan. Suyun ta rubuta ta.

Ka dube ni ka ce, "Malam Harshe, kai ma da kake shekara uku ai ba a jin daɗin zama da kai. Ka ba ta shekara ashirin."

Na ce, "Tsohon jaki, ko ka ba ta ɗari."

Daga nan duk shekara kana tatsar inabin tudu dabam, kana jera kwalaben a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba ka fitar wa kowa. Duk shekara kuma sai ka kawo mini maganar in sake ɗanɗanawa, ni kuwa in ce likita ya hana ni. Wata Laraba ina shan giyarka ta kwari a gabanka, ka ce, "Likitan nan naka ya san gona. Ya hana ka ta tudu, ya bar maka ta kwari." Muka yi dariya muka wuce. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na yi shekara arba'in ana rubuta abin da na faɗa, ban san yadda ake janye magana ba. A ƙarshe ka sa na yi alkawari cewa bayan girbin bana, idan ta cika ashirin cif, za mu buɗe ta tare. Saura wata shida ka tafi.

Ranar kwana bakwai, bayan an ƙona turare da takardu a gaban hotonka, baƙi sun watse, Suyun ta riƙe hannuna ta zaunar da ni a tsakar gida. Na Jinhu yana tsaye a bakin ƙofa da farar hularsa. Kuranga duka tana binne tun watan Nuwamba. Ranar Sharar Kaburbura, da muke ziyartar magabata a farkon Afrilu, saura kwana biyar, ƙasa ta fara ɗumi, tarakta ta riga ta fara buɗe layukan kwari.

Ta ce, "Baffa Malam, tudu ne ya rage. Tarakta ba ta hawa. Sai mutum ashirin da shebur, kuma ƙaraminsu ya ba hamsin baya. Kurangar ta yi kauri kamar damtsen mutum, bara kuranga biyu suka karye wajen kwantarwa. In ba a tono ta cikin mako guda ba, idanun tohon za su ruɓe a ƙasa, shi ke nan an gama da ita."

Na ce na sani.

Ta ce, "Shekara goma sha bakwai ina tsakanin maganarka da ta Baba. Na ɗanɗana ta tana da shekara goma, bakina ya kwana a ɗaure. Ba zan sa tsofaffi su karya bayansu duk shekara saboda taurin kan mutum ɗaya ba, ko da ubana ne. Amma ba zan bar ta a ƙasa da hukuncina ni kaɗai ba. Kai ka fara maganar, kai za ka ƙare ta."

Kada ka ji haushinta, Fulin. Idanunta sun kumbura da kuka, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. Ta sauka ƙasa ta ɗauko kwalba ɗaya mai rubutun hannunka a jiki da farin alli. Matoshin ya fito lafiya, jiƙaƙƙe har rabi. Kofin farko ta zuba maka a ƙasa a gaban hoton. Na biyu ta ajiye a gabana.

Ban taɓa shi ba. Na ce a ba ta awa guda ta sha iska, a kawo mini ruwa da farin burodin da aka turara, ba gishiri. Awar nan na yi ta ne domin kaina, ba domin giyar ba. Na ga hanyoyin ƙarya biyu a buɗe. In na yabe ta don ina kewarka, na ɗaura wa 'yarka wahalar banza har tsufanta. In na tsaya kan tsohuwar maganata don kada a ce Malam Dou ya yi kuskure, na binne layukanka da bakina. Ga shi kuma harshen ya tsufa, miya ma sai na ƙara mata gishiri.

Da awar ta cika na ɗaga kofin wajen hasken rana. Baƙin nan ya saki, tsakiya ja ne mai zurfi, gefe ya fara komawa launin jan bulo. Na kai hanci. Na ɗauka zan ji ƙura da tsohon katako. Sai na ji busasshiyar magarya, da ganyen taba, da fata mai kyawun jima, kuma a ƙarƙashinsu wani ƙamshi da na sani, ƙamshin dutsen tudunka idan ruwan farko ya sauka a kansa. Na kurɓa na riƙe. Baurin yana nan, bai tafi ko'ina ba, amma ya yi laushi kamar rigar aiki da aka wanke sau ɗari. Ƙamshin da na ce zai mutu, ashe baurin ne ya riƙe shi shekarun nan duka. Akwai ɗan tsami mai rai da ya tsayar da komai a wurinsa. Na haɗiye na fara ƙirga numfashi. Na kai goma sha huɗu ɗanɗanon bai bar maƙogwarona ba.

Na ce, "Suyun, ɗauko littafinki na makaranta, ki soke abin da na faɗa. Na yi kuskure."

Ta dube ni da kyau ta ce, "Baffa, ba don ka faranta wa mamaci rai ba ne?"

Na ce, "Da ransa ma ban faranta masa ba, sai yanzu? Kuma shi ma ya yi kuskure. Ashirin ba ta isa ba. Har yanzu tana hawa, ba ta kai ƙarshenta ba. Ki ba ta biyar nan gaba, wataƙila goma."

Ta ɗauki kofina ta kurɓa. Sannan ta juya wajen ƙofa. Kafin ta buɗe baki Na Jinhu ya ce, "Ni ba na sha, ban san me kuke ji a ciki ba. Amma tun shekaranjiya na wasa shebur. Dā ma ko me Malam ya ce, da an wayi gari a ga tudun a buɗe." Aizhen, wadda ba a ji muryarta ba tun ranar jana'iza, ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce ashe jakin bai tafi da taurin kansa duka ba, ya bar wa Jinhu rabi.

An hau tudun ranar Laraba. Ka ga, Laraba ce kuma. Suka ɗora ni a bayan keken kaya mai ƙafa uku da bargo a gwiwa. Mutum ashirin aka nema, ashirin da bakwai suka zo, har da maƙwabtan da ka ba reshen dashe. Na kalli Jinhu yana janye ƙasa a gefe, ba ya sara daga sama, yadda ka koya masa. Kurangar farko ta fito baƙa, jiƙaƙƙiya, da ƙasa manne a ɓawonta. Suyun ta durƙusa ta goge reshen da babban yatsa, ta kira ni in gani. Idanun tohon sun kumbura, suna da rai. A bakin yankan bara kuma ruwa yana ɗiga. Kafin faɗuwar rana ta biyu layuka goma sha biyu suna tsaye a kan wayoyinsu, kuranga ɗaya ce kawai ta tsage, ita ma Jinhu ya ɗaure ta ya ce za ta yi.

Suyun ta ware kwalba ɗaya ta Shekarar Zakara, ta rubuta sunana a jiki da allinka, ta ce sai bayan shekara biyar za a buɗe, kuma ni zan buɗe. Na ce mata wannan zalunci ne ga mutum mai shekara tamanin da biyar. Ta ce, "Baba ya jira ka goma sha bakwai." Na koma shan maganina a kan lokaci. Ita ce take kawo taliyar yanzu, kuma ta gaji ƙaryarka, tana cewa hanya ce ta biyo da ita.

Ƙanena, ka yafe mini jinkirin. Ka san abin da ke cikin duwatsun nan tun suna cikin buhu, ni mai takardu ban sani ba. Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi kamar yadda ka sauƙaƙa ta ga duk kurangar da ka kwantar da hannunka. Ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa ma'aikaci da maƙwabci da tsoho mai zaman kaɗaici. Ina miƙa ta'aziyyata ga Aizhen, abokiyar zamanka ta shekara hamsin da ɗaya, da Suyun da mijinta da 'ya'yansu, da Na Jinhu da duk waɗanda suka riƙe shebur tare da kai. Allah ya ba su haƙuri, ya ba bayansu ƙarfi idan kaka ta zo. Ni kuma ya ara mini shekara biyar, in ya ga dama. Kofin farko naka ne.

Dou Wenbin