Dokin da Baba Modu ya ajiye mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tashar Gaya ina jiran fasinja biyu keke ya cika, Falmata 'yar Baba Modu ta kira ni ta ce Baba ya tafi. Na ce ina zai tafi, mutumin da shekara uku bai taka ƙofar zaure ba? Sai da na ji kukanta na gane.

Baba Modu na Toranke ya rasu. Mun kai shi kafin azahar.

Ga wanda bai san shi ba, Babarbare ne, tsohon direban tirela. Ni kuwa Sale, Bafulatani ne, kun ga ke nan akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. In na shiga sai in ce ina bawan kakana? Ya ce shigo, ɗan Fulani, amma bar warin nono a waje.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kwantar da shi. Hannun hagu kawai ke masa aiki. Duniyarsa ta koma katifa, buta, da wata 'yar taga da yake hango kan dawa in ta yi tsayi.

Da ces kuma. Darar Turawa, mai sarki da sarauniya da doki da ƙananan sojoji. Ya ce wani Basudane ne ya koya masa a kan hanya. Duk Toranke ba mai yi da shi.

Ni na fara kai shi asibiti a kekena, ni na sa masa gem ɗin ces a waya. Ban yi boko ba, iyakata allo, amma na gane lambobin matakin ƙarfin wasan: ɗaya ɗan koyo, sama kuwa aljanu.

Bayan sati guda ya kira ni ya ce in zo in cire masa wannan munafukar.

Ya ce in ya sa ta a ƙasa, sai ta yi wasa goma kamar wadda ta sha rubutu, sannan ba gaira ba dalili ta ɗauki sarauniyarta ta ajiye a bakin sojansa. In ya ɗaga ta sama kaɗan, ta shaƙe shi kafin Falmata ta gama dama koko. Babu tsakiya.

"Ɗan koyo na gaske kwaɗayi ke kashe shi, ko tsoro. Wannan ba ta kwaɗayi, ba ta tsoro. Gwana ce take ba ni sadaka."

Ya ce shi kuma sadaka ta ishe shi. Kowa ya zo dubiya, duk abin da ya faɗa sai a ce haka ne Baba. Ko ya ce jaki ya haifi zabo, haka ne Baba.

Shi ya sa ya zaunar da ni ya koya mini.

Shekara biyu muna yi, ban ci shi ko sau ɗaya ba. Kullum sai ya bar mini doki a fili kamar ya manta. Kullum sai na cinye. Wasa uku a gaba sarkina ya rasa gidan zuwa, shi kuma yana dariya da rabin baki har sai tari ya kama shi.

Bai taɓa barina na tafi haka nan ba. Akwai gwangwanin dabino ƙarƙashin filonsa, wai na ta'aziyyar sarkin Fulani.

Ranar da kekena ya mutu a hanyar Gafasa, daga kan katifa ya gaya mini abin da zan duba, ta waya, daga jin ƙarar injin kawai. Kuma shi ne.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat tun safe.

Kun san halina da tsokana. Sati uku da suka wuce na cika baki a tasha cewa yau sai na kayar da Babarbare. Na sa babbar riga, na ɓoye waya a cinya. Ya yi wasa in shigar mata, abin da ta mayar in kwafa a kan allon.

A ƙasa na sa ta. Dabarata ita ce mataki na ƙasa zai yi kama da ni, ba zai gane ba.

Ya ajiye dokin nan kamar kullum. Waya ta ƙi ci, ta tura wani soja can gefe. Na bi ta. Ya dube ni. Muka yi gaba, wasa yana kyau har ina jin kaina. Sai ta ce in kai sarauniya inda za a cinye ta a banza. Na kai.

Ya janye hannunsa daga allon.

"Ɗan Fulani, fito da ita."

Na fara rantse-rantse, ya ce kar in ƙara zunubi.

"Kai wawa ne, amma ba irin wannan wautar ba. Na san taka."

Na fashe da dariya, ina jira shi ma ya yi. Bai yi ba. Ya ce duk mai shigowa zauren nan rarrashinsa yake yi, ni kaɗai nake zuwa in yi kuskurena na gaskiya a gabansa. Yau ni ma na kawo masa na aro.

Da hannun hagun nan ya dinga mayar da 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, har suka koma inda dokin yake a fili. Ya ce in tafi in dawo ba waya. Ni ne da wasa na gaba.

Ranar bai ba ni dabino ba.

Ban koma ba. Kunya ce. Kullum sai na wuce kwanar gidansu da fasinja, in ce gobe. In na rage gudu sai in ji kamar an ɗaure mini hannu a kan sitiyari.

Ɗazu bayan mun dawo daga maƙabarta Falmata ta ce in shiga zaure. An naɗe katifar. Allon yana nan, an kifa masa faifai saboda kaji. Ta ce ya hana kowa taɓawa, ko shara sai dai ta zagaye. In ta ce ƙila fa Sale ya yi fushi, sai ya ce zai zo, kwaɗayi zai kawo shi.

Na tambaye ta ko ya ce ya yafe mini. Ta ce ita dai ba ta ji ba, ba ta ma san an yi wani abu ba.

Na zauna a wajena. Na san tarko ne. Na cinye dokin.

Na daɗe a zaune ina kallon ɗaya gefen. Wayar tana aljihuna, da na tambaye ta za ta faɗi abin da ya kamata a mayar mini. Amma ba nasa za ta faɗa ba.

Allah ya jiƙan Baba Modu, ya yalwata masa kabarinsa fiye da zauren da ya zauna shekara uku, ya sa jinya ta zama kaffara. Allah ya ba Falmata haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu uku. In da saura, ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya tafi.