Dogo Ba Ya Barin Kai Rabi

Na fara ganin Dogo ranar Asabar, tara ga watan Maris, shekarar da aka mayar da ni reshen ofishinmu na bayan tashar mota. Aski nake nema, wani abokin aiki ya nuna mini jerin shaguna a ƙarƙashin wani bene, ya ce in shiga na tsakiya, kusa da na tela. Ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa, madubi da ya tsage a gefe, benci, da fanka a bango. Na tarar da shi yana aski, wayarsa sai ƙara take yi a aljihu, ko kallonta bai yi ba. Sai da ya kakkaɓe wa mutumin wuya, ya cire masa ƙyalle, sannan ya ciro ta.

"Maigidan da ya koya mini sana'a ya hana ni barin kai rabi," ya ce da ni. "Ko gobara ake yi, sai na gama. Bismillah, Malam, hau."

Daga ranar na zama ɗan gida. Da ya ji aikina sai ya daina ce mini Malam, ya koma Akawu. Siriri ne, ba ya gajiya da tsayuwa, kuma mashayin shayi ne na gaske. Fulas ɗinsa kullum yana ƙarƙashin madubi. Yana da mata da 'ya'ya uku, duk kujerar nan ce ke ciyar da su. Mutane na ƙetare shaguna da yawa su zo wurinsa, don sun san in ka zauna ba zai bar ka da kumfa a fuska ya tafi hira ba.

Dole in faɗi yadda ginin yake. Banɗaki ɗaya ne na duk shagunan, yana ta baya, sai an hau matakala. Makullinsa ma ɗaya ne, an ɗaura masa guntun katako don kada ya ɓata, yana rataye a ƙusa kusa da keken Tela, saboda shi ne ya fi kowa daɗewa a wurin. Duk mai buƙata sai ya je ya roƙa.

A shekara ta huɗu da saninmu ƙafar Dogo ta hagu ta fara yi masa nauyi. Ido ɗaya ya yi hazo na ɗan lokaci, ya washe. Ya sha yawon asibitoci kafin a ɗauki hoton kansa da bayansa a babban asibiti. Ranar da ya ba ni labari, wayar injin aski ya ɗago.

"Ka ga wannan, Akawu? In robar jikinta ta ɓare, wuta takan zo, takan ɗauke. Likita ya ce haka jijiyoyina suka zama. Em-Es suke ce wa ciwon. Ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa."

Ƙafar bai ɗauke ta da zafi ba, ya sa kafinta ya yi masa doguwar kujera ta jingina. Hannunsa kuwa lafiya lau. Mafitsara ce ta kama shi. Saƙon da ke tsakaninta da ƙwaƙwalwa ya rikice: fitsari ba ya sallama, sai dai ya ji shi a bakin ƙofa. Wani lokaci kuma ya ja ƙafa ya hau matakalar nan da ƙyar, ya tsaya, ko ɗigo ya ƙi fita. Da ya sauko ya ɗauki almakashi, sai abin ya dawo.

Ni kaɗai ya gaya wa. Tela kuwa mutum ne mai barkwanci, bai san komai ba.

"Dogo, kai kuma? Ko dai amarya ka ajiye a saman nan?"

"Miƙo makulli, Tela, surutun daga baya."

"Ai gara mu haɗa maka gado can. Ka ga katakon har ya yi santsi saboda hannunka."

Dogo yakan yi dariya ya karɓa. Ya taɓa roƙon wakilin mai gida a yanka masa nasa makullin, aka ce in an ba shi kowa ma zai nema.

Sai ya sake tsarin aikinsa. Tsakanin kowane kai da kai sai ya hau sama, ko yana ji ko ba ya ji. Ya daina karɓar yara masu mutsu-mutsu da samari masu son zane a gefen kai, don suna cin lokaci. Da, daga dama yake farawa ya zagayo. Yanzu kaɗan nan, kaɗan can, yadda duk inda aka tsaya kan ba zai zama abin dariya ba. Fulas ya ɓace daga ƙarƙashin madubi. Ruwa ma ya daina sha daga safe har ya rufe shago, leɓensa duk ya tsattsage.

Wannan dabarar ce ta kwantar da shi. Mafitsarar ta kamu da ciwo, zazzaɓi ya rufe shi, ƙafafun biyu suka ƙi ɗaukarsa, shago ya daɗe a rufe. Likita ya yi masa faɗa sosai, ya ce dole ya sha ruwa. Ya ba shi ƙwayoyi, aka koya masa zura wata siririyar roba don fitar da abin da ke saura. Amma robar na son wuri mai tsabta da ruwa da sabulu, famfon saman kuwa ya fi yawan zama a bushe. Ya dawo aiki da gorar ruwa, yana kurɓa yana hararar ta.

Abin ya faru wata Asabar da hantsi, ina kan benci ina jiran layi. Hedimasta ne a kujera, wani dattijo mai ritaya da ya daɗe yana zuwa, mai magana da kai da hannu. An kai tsakiyar aski na ga Dogo ya matse ƙafafu, gumi ya keto masa.

"Dogo, je ka dawo," na ce. "Baba zai jira."

"Ina zai je?" in ji Hedimasta. "Dubi kaina fa, kamar gonar da aka nome gefe."

"Saura kaɗan, Baba," Dogo ya ce. Ya ƙara taɓa injin sau ɗaya, sai ya kashe shi, ya ajiye. "Ka yafe ni." Ya fita yana dafa bango.

Ban taɓa ganin ya yi haka ba, don haka na leƙa. Yana tsaye a ƙofar Tela, ƙofar a kulle, Tela ya tafi sayen zare. Ta tagar ana hango makullin a ƙusarsa. Dogo ya jijjiga ƙarfen tagar, ya kira sunan Tela sau biyu, sannan ya sunkuyar da kai yana duban wandonsa.

Da ya dawo, ƙyallen aski ya ɗauka ya ɗaura a ƙugu har ƙasa. Ya wanke hannu da ruwan gorarsa, ya kunna inji, ya gama kan tsaf, har gyaran gemu. Hedimasta ya biya kuɗinsa ya tashi. Bayan ya fita Dogo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akawu, janyo mini ƙofa. Ka taimaka ka je gida ka ce wa uwar yara ta ba ka wando."

Matarsa ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga ta fito da leda a ƙulle, da wando a ciki.

"Kullum sai na haɗa masa ita," ta ce. "Sai ya ƙi ɗauka, ya ce shi ba jariri ba ne."

Da Tela ya ji labari, bai nemi izinin kowa ba ya je ya yanko makulli ya kawo masa, yana ta ba da haƙuri kamar zai yi kuka. Dogo ya yi godiya ya karɓa. Amma tun daga ranar duk wanda ya zauna a kujera, sai Dogo ya riƙa duban ƙofa ta cikin madubi, yana tsoron kada abin ya sake kama shi. A ƙarshen watan ya mayar wa mai gida shagonsa.

Kujerar tana ɗakin gaba na gidansu yanzu, jikin banɗaki. Mu kaɗan ne muke binsa can: ni, da Tela, da wasu maƙwabta. Matarsa ta kama aikin share-share a wata makaranta, babbar 'yarsu tana koyon ɗinki a wurin Tela. Dogo yana tafiya da sanda, hannunsa na nan da kyau. Ba ya shiga motar haya, sallah ma a gida yake yi, bikin ƙanwarsa bai je ba. In ba ranar asibiti ba, ba ya wuce bakin layinsu.