Sifeshal Ɗin Da Na Sayar Wa Baba Garba

Ni manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye tsakanin Makoɗa da Ɗambatta. Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san ni sun san ni. Ban yi boko ba. Allo ma ban yi nisa ba aka cire ni aka kai ni gona. A wajenmu gona a jikin gona take, babu daji, babu saura. Da mahaifinmu ya rasu aka raba tasa, abin da ya zo hannuna bai fi wurin shanya barkono ba. Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Taki ya fi ƙarfin talaka, ruwa ya riƙa ɗaukewa gero yana cikin bununi. Na karɓi mashin a hannun wani ina acaɓa, kullum ina kai masa balas. Har zuwa lokacin ban taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Ku samari, da ku nake. Ku ji yadda aka fara.

Akwai wani mutum da nake yawan ɗauka, ana ce masa Darakta. Yana da makaranta a bakin titi, 'yan ɗakuna da rufin kwano. Duk shekara awaki ne ke kwana a ciki. Sai lokacin jarrabawar gama sakandare wurin ya cika da ɗalibai kamar kasuwa. Ran nan ya ba ni wata takarda a nannaɗe, ya ce in miƙa ta tagar baya. Na miƙa. Abin da ya ba ni ya fi wanda nake samu a mako. Ban tambayi mene ne a ciki ba, ko na buɗe ma ba zan iya karantawa ba. Washegari ya ce in tsaya a mararraba, in na hango motar masu sa ido in buga masa waya. Na tsaya. Da shekara ta zagayo ya ce, "Mai-mashin, kai ka san ƙauyukan nan. Duk yaron da ka kawo mini kana da kamasho."

Sunan irin wannan wuri sifeshal santa. Uba zai biya kuɗi mai yawa, a cire sunan yaro daga makarantarsu a kai can. Ranar jarrabawa a rufe tagogi, malami ya rubuta amsa a allon bango, yara su kwafa. Shi ke nan. Na shiga ƙauyuka ina talla. Kafin a jima, duk yankinmu in aka ce sifeshal, ni ake nunawa. Na daina zuwa gona. Na sayi shadda.

Baba Garba aminin mahaifina ne, gonarsa ce ta yi iyaka da tamu. Shi ya yi wa mahaifina wanka da ya rasu. Yana da ɗa, Mamuda, yana ajin ƙarshe a sakandaren gwamnati. Yaron akwai kai, amma idonsa ba lafiya. Sai ya manna littafi a fuska yake karatu, har 'yan uwansa suna tsokanarsa da mai sansanar littafi. A asibitin Kano an gaya musu ganin raguwa zai yi ta yi, ba magani. Kowa ya san wannan jarrabawar ce ta ƙarshe da za ta same shi da sauran gani. In ya ci, akwai kwalejin malamai da ke karɓar irinsu. In ta wuce shi, ta wuce.

Wata ranar kasuwa Baba Garba ya tare ni a inda muke ajiye mashina. Ya ce shugaban makarantar su Mamuda ya kira shi, ya yi masa dogon bayani, rabi da Turanci.

"Ni dai kalma ɗaya na riƙe," in ji shi. "Ya ce yaron nan sifeshal ya kamace shi, kuma a yi da wuri. Na ce to ai gida ta zo. Ɗan aminina ne mai sifeshal."

"An gama, Baba," na ce.

Ya jinginar da rabin gonarsa ya kawo mini kuɗin. A ranar ban san akwai wani sifeshal ban da namu ba. Wannan gaskiya ce, amma ba ta wanke ni ba, ku ji gaba.

Da na je ɗaukar hoton Mamuda na rajista, ya biyo ni har zaure. Ya ce, "Yaya, wurin naku suna da takarda mai manyan baƙi? Shugabanmu ya ce za a buga mini tambayoyin da girma, a zaunar da ni inda haske yake, a ƙara mini lokaci."

Na ce, "Komai akwai."

Na je na tambayi Darakta. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wancan na masu lalura ne, hukumar jarrabawa ke yi. Makarantarsu ce za ta nema masa da takardar asibiti, ba a biyan ko sisi a kai. Mu da muke ba da amsa, me zai yi da manyan baƙi? Ka ja bakinka ka yi shiru."

A nan ne ya kamata in juya. Hanyar gidan Baba Garba ba ta da nisa. Amma na riga na taɓa kamashon, na ba mai mashin kafin alƙalami don ya zama nawa. Na ce a raina, ai amsa ta fi manyan baƙi. Na yi shiru.

Shugaban makarantar su Mamuda ya aiko a kawo takardar asibiti kafin a rufe karɓa. Ya sake aikowa. Baba Garba ya tambaye ni. Na ce, "Baba, rabu da su. Haushi suke ji an cire musu yaro mai ƙoƙari." Ya yarda da ni, don ya san ni tun ina tsumma. Lokacin neman ya wuce.

Ranar jarrabawar farko ni na goya Mamuda a mashin. Ya sa kayan makaranta wankakku, uwarsa ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda. A hanya yana ta bitar karatu da ka, ni ban san me yake cewa ba. Ya ce, "Yaya, yi a hankali, kada ka zubar mini da abin da na haddace." Muka yi dariya.

Aka shiga da su. Aka raba takardu, tasa irin ta kowa, baƙin ƙanana kamar ƙwayar gero. Sai aka rufe tagogi, kamar yadda aka saba, don kada na waje ya ga allo. Ɗakin ya yi duhu. Ina tsaye a bakin ƙofa, aikina ke nan in ba na mararraba. Malami ya hau rubuta amsa, yara suka duƙufa. Mamuda ya manna takardar a fuskarsa. Ya juya ta. Ya karkata wajen ƙofa yana neman haske.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a taimaka a buɗe mini taga ɗaya."

Malamin ya ce, "So kake a kama mu? Ga amsa can a allo, ka kwafa."

"Ba na ganin allon."

"To matso gaba."

Ya matsa gaba, bai gani ba. Yara suka fara cewa ya kauce ya tare musu. Ya koma wurinsa yana lalube. Sai malamin ya ce wa na kusa da shi ya riƙa karanta masa amsar a kunne. Mamuda ya ce, "Ni ba amsa nake nema ba. Tambayar nake so in gani." Aka yi masa dariya. Malamin ya ce ba shi da lokacin ɗan iyayi.

Sai Mamuda ya juyo wajen ƙofa, ya san ina nan. Ya miƙo takardar ya ce, "Yaya, karanta mini ta farko kawai."

Na karɓa. Na dube ta. Ban san ko a daidai na riƙe ta ba ko a kife. Na mayar masa na ce, "Ka yi haƙuri." Na fita na tsaya a rana.

Haka ya zauna har aka tashi. Sunansa kaɗai ya rubuta. Na goya shi muka koma gida. Washegari ya sake shiryawa ya fito, ya ce ko yau za a bar masa taga. Ba a bari ba. Na roƙi Darakta a fitar da shi inuwar bishiya ya rubuta a can. Ya ce in aka hango yaro ɗaya a waje, an gama da mu duka. Kullum na kai shi, kullum na dawo da shi. Bai gaya wa ubansa ba. Ni ma ban gaya masa ba.

Ana cikin haka masu sa ido suka zo da 'yan sanda ta hanyar gona, ba ta mararraba ba. Darakta ya haura katanga, har yau ban sake ganinsa ba. Ni aka kama da takardun amsa a ƙarƙashin kujerar mashin. Aka soke sakamakon duk wanda ya zauna a wurin, har da Mamuda da bai kwafi ko harafi ba. Iyayen yara suka biyo ni kotu, don ni na karɓi kuɗinsu hannu da hannu. Alƙali ya tambaye ni ko na san abin da ke cikin takardun. Na ce ban iya karatu ba. Ya ce, "Amma ka iya karɓar kuɗi." Aka ɗaure ni.

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Akwai yunwa, akwai ƙazuwa, akwai kwanan zaune. Wannan jiki ne, yana warkewa. Abin da ya fi ci na shi ne labarin da Inna, mahaifiyata, take kawo mini in ta zo ziyara. Ta ce gonar Baba Garba ta tafi, bai iya fansa ba. Ta ce shugaban makarantar ya zo har gida ya ce a sake yi wa yaron rajista, ba a samu kuɗin ba. Da wata shekarar ta zo aka harhaɗa, idon ya riga ya rufe, kuma bai koyi rubutun makafi ba, makarantar da ake koyarwa ta yi musu nisa. Daga baya ta ce Baba Garba ya rasu. Ina jin wannan duka ta bayan wayar ƙarfen da ta raba mu, ba abin da zan iya. Ko gaisuwar mutuwa ban samu zuwa ba.

A ciki akwai ajin yaƙi da jahilci. Na shiga. Da furfura a gemuna na koyi haɗa baƙi. Da shi nake rubuta muku wannan, a hankali, wani yana gyara mini.

Da aka sake ni na daɗe ban iya bi ta ƙofar gidansu ba. Ran nan bayan la'asar na daure na je. Na tarar da Mamuda a zaure yana tufkar igiyar rama, da ita yake ci. Na yi sallama. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya ne? Muryar ta tsufa."

Na durƙusa. Na gaya masa komai, har da dariyar Darakta, har da cewa na sani na yi shiru. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Na daɗe da sani. Nawa na yafe. Na Baba kuwa, sai ka roƙi Allah, ba ni da iko a kai."

Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "An ce ka yi karatu a can."

"Kaɗan. Hausa kawai."

Ya kira ƙanwarsa ya ce ta ɗauko masa jakarsa ta makaranta. Ya laluba ya zaro takarda, ta yi ja don tsufa. Takardar tambayoyin ranar farko ce. Ya ce yaran gidan sun sha cewa za su karanta masa, ya hana. Ya miƙo mini.

"Kai na roƙa. Karanta mini ta farko."

Turanci ce. Na riƙa kiran baƙi ɗaya bayan ɗaya, shi yana haɗawa yana faɗin kalmar. Wani wurin ya ce, "A'a Yaya, sake dubawa," in duba in ga shi ne da gaskiya. Da muka kai ƙarshen tambayar sai ya ba da amsa, doguwa, bai yi gargada ba. Ya ce in ci gaba. Muka yi ta biyu, muka yi ta uku. Har aka kira magariba muna yi. Ban san ko daidai ya amsa ba. Ba mai dubawa, ba mai ba shi maki. Da muka gama ya karɓi takardarsa ya ninke ya ce, "Ashe ba ta da wuya."

Ban iya tashi ba sai da ya ce in je kada sallah ta wuce ni.

Yanzu ƙwadago nake yi a gonakin mutane. Har a gonar Baba Garba na yi noma, a hannun wanda ya saye ta. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Amma tuba ba ta dawo da ido, ba ta dawo da shekara.

Ku samari, takardar farko da aka ce ku miƙa ta taga, ku ƙi. Daga ita ake farawa, kuma ba ta da nauyi a hannu. In kun yi kuskure kuka gane, ku juya a ranar, ko kun ci kuɗin. Ku ɗalibai, wurin da ake rufe taga ranar jarrabawa ba makaranta ba ne. Ku iyaye, in ɗanku yana da lalurar ido ko kunne ko hannu, akwai tanadin da hukuma ta yi masa, haƙƙinsa ne, ta hannun makarantarsu ake nema, kuma da wuri. In malami ya yi muku Turanci ba ku gane ba, ku ce ya maimaita da Hausa. Kada ku riƙe kalma ɗaya ku tafi kasuwa da ita. Irina suna can suna jira, kuma wanda zai cuce ku zai iya zama wanda ya ce muku Baba.