Malam Ishiyaku da Kwandalar Alhaji Ubaidullahi

Malam Ishiyaku na Tarai kakana ne, kuma tunda jika yana da izinin tsokanar kakansa, ba abin da zan rufe. Karatunsa bai kai shi malanta ba. Gonarsa kuwa ko akuya ta shiga da yunwarta take fitowa. Abin da Allah Ya ba shi shi ne wankin azurfa.

Shekara arba'in da 'yan kai yana tuƙa keke tsakanin Kibiya da Rano duk ranar kasuwa, da jakar fata a kafaɗa. A ciki akwai tankaɗaɗɗiyar toka, lemon tsami, tsamiya, da wani buroshin haƙori da ya girme ni. Mata su miƙo masa mundaye da tsofaffin sulallan gado baƙi ƙirin, ya mayar musu suna ɗaukar ido. Abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa ɓata azurfar kowa ba. Rigar kirki ma ba shi da ita, amma wannan sunan yana riƙe da shi gam.

Bara Alhaji Ubaidullahi na Rano ya aika a kira shi. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya koma tara kwandalolin ƙasashe, ba don ya kashe ba, don dai ya riƙa kallo. Da kakana ya je, Alhaji ya fito da wata kwandala a cikin gidanta na roba mai garai-garai. Azurfa ce zalla, da hoton jirgin ruwa a jikinta, an buga ta sumul kamar madubi, sai dai wani fari-fari ya lulluɓe ta kamar an hura mata numfashi.

"Ranar Asabar zan kai ta Kano abokaina su gani," in ji Alhaji. "An ce hannunka na da kyau. Amma ka ji sharaɗi. Ba toka, ba buroshi, kuma kada yatsa ya taɓa fuskarta."

"Alhaji, azurfa ce ko amarya?"

"Ƙarzuwa ɗaya ta kashe ta, Malam."

"To da me zan wanke ta? Da addu'a?"

"In ba za ka iya ba, ka faɗa."

Nan fa aka taɓa tsoho. Ya sunkuci kwandala da gidanta ya jefa a aljihu, ya hau keke ko sallamar kirki bai yi ba.

Kwana biyu yana zaune a zaure ya tasa ta a gaba. Ya kai hannu ga toka, ya janye. Kakata Kulu ta leƙo ta ce, "Malam, in kallo ke wanke ta, ai da tuni ta ƙare."

"Ke tafi, aikin maza ake yi."

"Na gani. Har gumi kake."

Rana ta uku ya jiƙa tsamiya, ya tace sau uku a farin ƙyalle, ya sirka da ruwa har sai da tsamin ya kusa ɓacewa. Ya kama kwandalar ta gefe-gefe kamar mai ɗaukar garwashi, ya tsoma, ya ƙirga goma, ya cire. Ya ɗauraye ta da ruwan leda har guda huɗu, wanda shi kansa bai taɓa saya ya sha ba. Ya ɗora ta a kan auduga ta tsane da kanta. Farin nan ya tafi fes. Ya leƙa ya ga fuskarsa a ciki, har da giɓinsa.

Da a nan ya tsaya, da yau wani labarin nake ba ku. Amma a wurinmu duk sulen azurfar da ya kai a adana shi, huda shi ake yi a zura zare, don kada ya faɗi ya ɓace. Kakana ya juya ta, ya ga ba ta da huji, tausayin Alhaji ya kama shi. Babban mutum, ga abu mai kyau, amma ba wanda ya taɓa gyara masa! Ya wuce wurin Mato maƙerin fari, aka huda ta daidai saman jirgin, ya zura jan zare sabo.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya isa gidan Alhaji, ya zaro ta yana lilo da ita.

Alhaji ya dubi zaren. Ya dubi kakana. Ya nemi kujera ya zauna.

"Malam Ishiyaku, mene ne wannan?"

"Gyara ne, Alhaji. Kyauta na yi maka."

"Wa ya ce ka huda?"

"Wa ya ce kada in huda? Toka ka hana, da buroshi, da yatsa. Duba fuskarta, ko ƙarzuwa ɗaya ka gani?"

"Innalillahi! Ga rami a ka, kana maganar ƙarzuwa!"

"Yanzu ko a babur ka tafi Kano ba za ta faɗi ba. Sunkuyo in rataya maka."

Alhaji bai je Kano ba. Washegari kasuwa ya shiga yana nuna wa mutane ɓarnar da aka yi masa, da nufin kowa ya san halin tsohon. Matan da ya nuna wa suka karɓa suna juyawa, suna cewa ba su taɓa ganin wanki irin wannan ba, kuma hujin ya zauna daidai tsakiya. Wata tsohuwa ta tambaye shi a hankali ko da can a ina yake rataye ta. Kafin la'asar layin mata a gaban tabarmar kakana ya kai wurin masu tattasai.

Mutum ɗaya ne a ƙasar Rano ya yarda an ɓata azurfa, kuma duk sanda ya hango keken kakana sai ya dafe aljihu ya sake hanya. Shi kuwa tsohon har gobe cewa yake Alhaji mutumin kirki ne, godiya ce kawai bai iya ba.